Bayan Likita Ya Ce A Koma Gida

Akwai wata gajeriyar magana wadda mutanen ƙasar Arewa ta Nijar, tun daga Dogonkirya da Sukukutan har zuwa Tibiri da Gesheme, suka san nauyinta sarai, ita ce wadda likita yakan faɗa wa babban ɗa ko ƙanen miji a bakin ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa, bayan an sayar da bisashe, an jinginar da gona, an yi tafiyar fiye da kilomita 270 daga Dogondutsi a bi ta Doso zuwa Yamai, an kuma share makonni a harabar asibiti ana jiran sakamakon awo: "Ku koma da ita gida, ku ci gaba da addu'a." Wanda aka faɗa wa ba ya tambayar abin da ake nufi, sai ya yi godiya, ya tafi neman mota. Mas'alar da nake son mu duba ita ce abin da ya rage a wuyan masu rai, a shari'ance da kuma a mutunce, tsakanin ranar da aka faɗi wannan magana da ranar da wa'adi zai cika, domin wannan tazara takan kai wata uku ko shida, wani lokaci har shekara, kuma a ganina ita ce tazarar da muka fi tauye haƙƙin ƴan'uwanmu a cikinta, alhali muna zaton mun sauke nauyi.

Ciwon dajin da ya fi kama mutanenmu sananne ne ga masana, tun da Jami'ar Yamai ta fara rubuta lissafinsa a shekarar 1992: ga mata, na mama da na bakin mahaifa, ga maza, na hanta yana cikin na gaba, wanda sau da yawa tushensa ciwon hanta nau'in B ne da aka ɗauka tun ana goye. Hukuma ba ta naɗe hannu ba, don tun 2007 ta shelanta cewa maganin dajin mata kyauta ne, kuma a 2021 aka buɗe na'urar farko ta gasa daji da haske a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Sai dai duk wannan a Yamai yake, kuma kyautar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta nome gonar da aka bari. Ga kuma abin da ya zaunu a zukata cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, sai a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, mace tana ɓoye ƙullutun da ta ji a ƙirjinta saboda kunya, har sai ya fashe. Ina roƙon kada wani ya ɗauki abin da zan faɗa ya mai da shi hujjar zama gida, domin daji da yawa yana warkewa idan an tare shi da wuri, kuma zuwa likita a wannan hali wajibi ne. Maganata a kan wanda lokacin nan ya riga ya wuce masa ne.

Likitan da ya faɗi gaskiya bai yi laifi ba, bai kuma zo da sabon abu ba. Abul Ƙasim Zahrawi, babban mai fiɗa na Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta a littafinsa Attasrif cewa dajin da ya daɗe ya girma bai kamata a sa masa wuƙa ba, ya kuma yi iƙirari da kansa cewa bai taɓa warkar da irinsa ba, bai ga wanda ya warkar ba. Abin da ke da gyara shi ne abin da ke biyo baya, watau a sallami mutum da ƴan ƙwayoyin farasitamol a leda, kamar dai aikin ilmin likita ya ƙare daga inda fatan warkewa ya ƙare.

Mu fara da hukuncin neman magani shi kansa, don a nan ne gidaje suke karyewa. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, a babin tawakkali, ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku: wanda aka tabbata yana aiki, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wannan barinsa haram ne idan ana tsoron halaka, da wanda ake kyautata zato, kamar ƙaho da shan magani, wannan yinsa bai saɓa wa tawakkali ba, barinsa kuma ba haram ba ne, da wanda wahami ne kawai, wannan kuwa barinsa ya fi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bi kusan wannan hanya, ta ce magani yakan zama wajibi, ko mustahabbi, ko halal, ko makaruhi, gwargwadon abin da ake tsammani daga gare shi, ta kuma ƙara da cewa ko da likitoci sun ɗebe tsammani, ya hau kansu da kan dangi su ci gaba da kula da majinyaci, su sassauta masa raɗaɗin jiki da na zuciya. To, idan masanin da aka amince da iliminsa da amanarsa ya ce wata tafiya zuwa asibitin Sakkwato ko na Galmi ba za ta ƙara komai ba sai wahalar hanya, magidancin da ya tsaya bai yi rowa ba, bai kuma yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, lokacin da ya yi ciwo mai tsanani a Makka ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa sadaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsai da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada da abin hannunsu ya fi barinsu suna roƙo. Idan har an taƙaita sadaka saboda haƙƙin marayu, ina ga rumbun hatsin da za a buɗe wa wani mai magani da ya yi alkawarin abin da Zahrawi ya kasa? Na san abin da yake tura mutane, tsoron kada gobe a ce wane ya bar uwarsa ta mutu yana riƙe da shanu, kuma wannan tsoro ya kamata malamai su ɗauke wa mutane shi daga kan mumbari.

Amma tsayawa daga neman waraka abu ne daban, barin mutum cikin azaba kuma abu ne daban, kuma a nan nake son in daɗe.

Na zauna kusa da wata dattijuwa daga danginmu a wani ƙauye na kudancin Dallol Mawri, bayan an dawo da ita da dajin mama. An mai da ita ɗakin da ke can ƙuryar gida, saboda warin gyambon ya kai inda turaren wuta ba ya iya rufe shi, masu dubiya sai su tsaya daga bakin ƙofa su ce, "Inna, ya jiki?" ita kuma ta amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," su ce Allah ya sa kaffara ne, su juya. Ɗiyarta tana zaune da faifai tana korar ƙuda. Da rana ba ka jin ko nishinta, amma idan dare ya raba sai ta cusa gefen zanenta a baki ta cije, don kada jikoki su ji, har gefen zanen ya zama tsumma. Wani ɗan ƙauyen, ma'aikacin jinya da ya zo hutu, shi ya nuna wa ɗiyar yadda za ta wanke gyambon da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, ta niƙa ƙwayoyin Flagyl ta barbaɗa, ta rufe da tsabtataccen ƙyalle. Cikin ƴan kwanaki warin ya kwanta, jikoki suka koma shiga, ƙawayenta suka koma zama a kan tabarma. Zafin kuwa bai sami mai kwantar da shi ba, domin babu abin da ake da shi sai farasitamol da tramol na kasuwa, kuma kowa da ya shiga kalma ɗaya yake ba ta, haƙuri.

Ba na jayayya da falalar haƙuri. Ya inganta a Buhari da Muslim cewa babu wata gajiya ko ciwo ko baƙin ciki da zai sami mumini, har ƙayar da za ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita. Sai dai ya kamata mu lura da wanda ake yi wa wannan albishir. Bushara ce ga wanda yake kwance, don ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Ba a aiko ta don ta zama izini ga wanda yake tsaye da lafiyarsa ya bar abin da zai iya yi ba. Babu malamin da ya taɓa cewa a bar mayunwaci da yunwarsa saboda tana kankare masa zunubi, ko a bar ƙayar a ƙafar yaro. Dubi ƙissar matar nan mai farfaɗiya wadda Ibnu Abbas ya nuna wa almajirinsa Aɗa'u ya ce ga ƴar Aljanna: ta zo wa Annabi da kukanta, ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka da ta daure ta sami Aljanna, ta zaɓi dauriya, sa'an nan ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, ya kuwa yi mata. Abu biyu nake gani a nan waɗanda mukan tsallake. Na farko, ita aka tambaya, ita ta zaɓa, babu miji ko wa ko maƙwabci da ya zaɓa mata. Na biyu, ko da ta ɗauki ciwon, ba ta ɗauki tozarci ba, kuma ba a ce mata neman sutura ya rage mata lada ba. Saboda haka wanda ya ce shi zai daure, don yana son ya gamu da Ubangijinsa a haka, mu girmama niyyarsa. Wanda kuwa ya ce a taimake shi, to taimakonsa ya zama farilla a kan jama'a, irin wadda idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Maganin wannan zafi kuwa akwai shi, ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Morfin, wanda aka fara tacewa daga afiyun a farkon ƙarni na 19, yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977, kuma a 1986 hukumar ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin zafin daji, a fara da mai sauƙi, a hau zuwa matsakaici, a kai ga morfin idan zafi ya ƙi. Ƙa'idar da Cicely Saunders ta bi a gidan jinyar da ta buɗe a Landan a 1967, ita ce a ba da shi ta baki, a kan sa'a, kowane awa huɗu, tun kafin zafin ya dawo, maimakon a jira sai mutum ya yi kururuwa. Kada a ce wannan sai ƙasashen masu arziki, don a Yuganda, tun 1993, likita Anne Merriman ta fara dama garin morfin da ruwa ana zubawa a kwalabe ana kai wa marasa lafiya har gida, kuma a 2004 ƙasar ta halatta wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi da kansu, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Duk da haka, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa a duniya, mu kuwa muna cikin wannan rabi.

Na san abin da zai zo a zuciyar mai karatu, don ni ma na ga abin da tramol ya yi wa samarinmu a tashoshi da wuraren haƙar zinariya, kuma duk uban da ya ga haka yana da dalilin ƙyamar duk wani abu mai kama da shi. Amma fuƙaha'unmu na Malikiyya sun riga mu rarrabewa. Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da yake sa maye da nishaɗi, da abin da yake ɓata hankali, da abin da yake sa barci ya ɗauke ji, kuma malaman mazhaba sun halatta a shayar da mutum na ƙarshen nan idan za a yanke masa wata gaɓa. Idan an halatta shi don zafin sa'a guda, yaya za a hana shi ga zafin da ba ya ɗagawa dare da rana? Abin da ake bukata shi ne tsaro, watau akwati mai kulle, da littafin da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da amintaccen mutum mai riƙe da mabuɗi, kamar yadda ba a hana gari wuta don wata bukka ta taɓa ƙonewa, sai dai a kula da murhu.

Saura shubuha biyu masu nauyi, kuma ba na raina masu kawo su. Ta farko ita ce tsoron kada maganin ya gaggauta ajali. Kashe majinyaci da sunan tausayi haram ne, babu saɓani, ko da shi ya roƙa. Hasali ma an hana mumini ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, an koya masa ya bar wa Allah zaɓin abin da ya fi masa alheri tsakanin rayuwa da mutuwa. Amma morfin da masani ya auna, ya fara da kaɗan, yana ƙarawa gwargwadon zafi, binciken likitoci ya nuna ba ya rage kwana, kuma niyyar mai ba da shi da abin da yake aikatawa duka sassauci ne. Ta biyu, wadda ta fi taɓa zuciyar Musulmi, ita ce kada mutum ya cika yana cikin magagin magani, kalmar shahada ta kuɓuce masa. Wanda ya taɓa kwana kusa da mai dajin da ya shiga ƙashi ya san cewa zafi shi kansa yana tafiya da hankali fiye da kowane magani, har mutum ya kasa haɗa Fatiha, wani ma harshensa ya furta abin da ba zai so ya gamu da Allah da shi ba. Wanda aka kwantar wa zafi kuwa, bayan gyangyaɗin kwanakin farko, yakan farka ya yi taimama, ya yi salla a kwance kamar yadda aka yi wa Imrana ɗan Husaini rangwame, ya ja tasbaha, ya gane masu shigowa. Idan kuma a ƙarshe barci ya rinjaye shi, to an ɗauke alƙalami daga mai barci, kuma Wanda ya karɓi shahadarsa shekara sittin ba ya jahiltar abin da ke cikin ƙirjinsa.

Daga nan sai batun faɗin gaskiya. Al'adarmu ita ce a ɓoye, a gaya wa kowa ban da mai jikin, a ce masa miki ne, ko basir ne, ko shawara ce, kuma na yarda tushen wannan tausayi ne. Amma mu duba abin da ake hana shi. Yana da bashin da ba a rubuta ba, da amanar da wani Bafillace ya ba shi, da iyakar gona da shi kaɗai ya san inda ta tsaya, da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji, da ɗa da ya tafi cin rani Legas ko Kwatano wanda zai taho da an gaya masa. Shari'ar da muke karantawa a zaure ba ta ɗauki sanin kusantowar mutuwa a matsayin shisshigi cikin gaibu ba, don Shehu Halil a Muhtasar ya sa takunkumi a kan kyautar wanda yake cikin ciwon da ilmin likita ya hukunta cewa ana yawan mutuwa da shi, ya kawo misali da tarin fuka, kada ta wuce sulusi. Kuma a mazhabar Malik auren da aka ɗaura cikin irin wannan ciwo ana warware shi, matar da aka saka a cikinsa kuma tana gado. Duk waɗannan hukunce-hukunce an gina su a kan cewa ana iya sani, kuma sanin yana da amfani. Sa'a da wuri kam, ilminsu yana wurin Allah, kamar yadda ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar, don haka likitan da ya ƙidaya wa mutum kwanaki ya wuce iyakarsa. Abin da nake kira gare shi ya fi wannan taushi: wanda majinyaci ya fi yarda da shi ya zauna kusa, ya tambaye shi yadda shi yake ganin jikin nasa, ya bar shi ya yi magana, ya ba shi gwargwadon abin da ya nema, ba tare da ƙarya ba. Galibi za a tarar ya daɗe da sani, yana shiru ne don ya tausaya mana kamar yadda muke shiru don mu tausaya masa. Annabi da kansa ya raɗa wa Faɗima cewa ba zai tashi daga ciwon nan ba, ta yi kuka, sa'an nan ya raɗa mata abin da ya sa ta yi dariya.

Ɓoyewa tana da wata ɓarna kuma. Ƙasar Arewa tsohuwar ƙasa ce ta neman sanin dalili, inda tun zamanin kakanni ake kai ƙara wurin dutsen Tunguma a Lugu, kuma ciwon da ba a ba shi suna ba, zuciya takan nema masa mai shi. Sai a ce jifa ne, ko sammu, ido ya koma kan kishiya ko matar wa, a rasa mutum ɗaya a kabari, a rasa zumuncin gida biyu a doron ƙasa. Da an ce daji ne, kuma yana kama sarki da talaka a kowace ƙasa, da an tsare mutuncin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

Wanda yake son ya ga yadda ake jinyar ƙarshe, ya karanta kwanakin ƙarshe na Manzon Allah a shekara ta 11 bayan hijira, don babu abin da muke bukata da ba ya ciki. Ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin A'isha, watau majinyaci yana da ra'ayi a kan inda zai kwanta. Akwai ƙwarya da ruwa kusa da shi, yana tsoma hannu yana shafa fuska, yana faɗin cewa mutuwa tana da magagi, bai ɓoye zafin ba, kuma wannan bai rage komai daga matsayinsa ba. Ya dubi asuwakin da ke hannun Abdurrahman ɗan'uwan A'isha, A'isha ta gane, ta karɓa ta tauna ta tausasa masa. Da suka ɗura masa magani ta gefen baki alhali ya yi musu nuni kada su yi, suna cewa ai ƙin magani ne irin na mara lafiya, da ya farfaɗo bai yarda da abin ba. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu ƙwarai, mu da muke danne tsoho muna ɗura masa kunu yana shaƙewa, don muna ganin wanda bai ci ba mun kashe shi da yunwa; alhali an ruwaito a Tirmizi hani ga tilasta wa marasa lafiya ci da sha, likitoci kuma sun tabbatar cewa jikin da ya kusa tafiya ba ya bukatar abinci, ya ishe shi a jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta, a ba shi farau-farau cokali ɗaya idan ya nema, a juya shi daga wannan gefe zuwa wancan kowane awa biyu don kada baya ya salluɓe. Idan lokaci ya yi, Risala ta Ibnu Abi Zaid ta koya mana sauran, a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa shahada a hankali, malamai kuma suka ce idan ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi, kada a dame shi da maimaici.

To, wa yake yin duk wannan? Mace ce kusan kullum, ɗiya ko mata ko ƙanwa, ita kaɗai, ga daka, ga rijiya, ga gona idan damina ce. Kuma idan matar ce ta kwanta, sau nawa muka ga an ce a kai ta gidansu jinya, miji ya aika da ɗan abin da ya samu, ya zo dubiya ranar kasuwa? Usmanu ɗan Affan bai halarci Badar ba, saboda an umurce shi ya zauna jinyar matarsa Ruƙayya, aka kuma ba shi rabo da lada irin na wanda ya halarta. Namijin da yake ganin wanke wa matarsa gyambo ƙasƙanci ne, ya auna kansa da wannan. Haka nan mu masu dubiya, da muke cika ɗaki da gaisuwa har a rasa iska, sa'an nan a dama mana fura daga hatsin da ya rage: hadisin ƙudusin da ke cikin Muslim, inda Ubangiji yake tuhumar bawa a ranar ƙiyama cewa ya yi ciwo bai duba shi ba, an haɗa shi da ciyarwa da shayarwa, don haka dubiyar da ta cika ita ce wadda ta zo da tulun ruwa, ko ƙunshin itace, ko sabulu, ko kuma maƙwabciya ta ce, "Yaya, je ki kwanta, yau ni zan kwana da ita." Yana ba ni ciwo in ga gidan da aka rasa kuɗin ƙyallen ɗaure gyambo, ranar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in an ɗora manyan tukwane, dangi daga nesa kowa ya zo da gudummawa. Da rubu'in wannan gudummawa ta iso wata biyu kafin nan, da mamaciyar ta ji ɗuminta a jikinta.

Abin da ake bukata a Dogondutsi, da Tibiri wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bai kai gina sabon asibiti ba. A sami ruwan morfin a ɗakin magani na gunduma, a horar da majo, watau ma'aikatan jinya masu riƙe da asibitocin ƙauye, na Matankari da Kiyeshe da Dankasari da Kore Mairuwa da Dumega yadda ake auna shi da yadda ake magance taurin cikin da yake kawowa, a ba wa ɗaya daga cikinsu babur da mai don ya zagaya gidaje sau ɗaya a mako, kuma duk wanda za a sallamo daga Yamai ko Doso a haɗo shi da takarda zuwa ga majon da ya fi kusa da ƙauyensa. Wannan rabon hukuma ne, kuma sarakuna da zaɓaɓɓu suna da bakin da za su nema. Rabon masallaci kuwa, limami ya san gidajen da ake jinya a unguwarsa kamar yadda ya san gidajen da za a yi suna, a keɓe wani abu daga zakkar hatsi bayan kaka don waɗannan gidaje, tun da yawancinsu sun riga sun shiga sahun matalauta da masu bashi waɗanda ayar zakka ta ambata, a kuma tsara matan unguwa su riƙa karɓar kwana bi da bi, ba tare da an tambaya ko mai ciwon ɗan wace ɗariƙa ne, ko Kirista ne, ko mai bin addinin gargajiya ne ba.